Sun ce ƙwayar yis ta shiga jinin Baba, wai sai ƙarin ruwa na sati biyu

Ɗiyar Ader: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu aikin lahiya da ke cikinmu ku warware mini wani abu, kaina ya ɗaure. Yau kwana 19 da munka kawo Baba Yamai daga Tawa. Hanjinshi ne ya huje anka yi mishi aiki, ga shi dama shina da ciwon sukari. Aiki ya yi kyau, har ya fara kurɓar kunu, sai zazzaɓi ya taso wanda ba ya sauka. An canza antibiyotik har sau uku, an auna masassarar cizon sauro babu. Shekaranjiya sakamakon jinin da anka kai labo ya hito, an rubuta "levures" a kai, wato yis da Faransanci. Likita ya ce ƙwayar Candida ce ta shiga jini. Ya tsai da wasu allurai, ya sa wani magani na ƙarin ruwa mai suna fluconazole, ya ce aƙalla sati biyu, kuma in da hali a nemo wani wai shi caspofungine. Da na gaya ma Gwaggo sai ta riƙe baki ta ce, "Candida? Ba shi ne sanyin mata ba? Ni da ƙwaya ɗaya na rabu da shi." Gaskiya ni ma abin da ke raina ke nan. Mi ya haɗa tsoho ɗan shekara 68 da sanyin mata?

Hajiya ta Bukoki: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu ɗiyata, jinya a garin da ba naka ba sai wanda ya yi ya sani.

Ɗan Katako: Allah ya ƙara sauƙi. Amma ƙanwata ki buɗe ido. Sun ga kun zo daga nesa, sun ga kuna biya ba gardama. Abin da ake sayarwa a kan tire a bakin kasuwa shi za a ce sai an ɗaura ruwa sati biyu? Kwalba nawa suka sa kuka saya?

Ɗiyar Ader: Ranar farko kwalba huɗu anka ɗaura mishi, jiya biyu, yau biyu. Ni ma huɗun nan ta tsaya mini a rai, Yaya.

Ɗan Katako: Kin ji ko!

Mai Farmasi: Alhaji, a bi a hankali. Kowace kwalbar fluconazole ta ƙarin ruwa miligiram 200 ce a cikin ruwa mililita 100. Ga babban mutum da Candida ta shiga jininsa, ƙa'idar ita ce a fara da 800 ranar farko don maganin ya cika jini da wuri, daga nan 400 kullum, sai in ƙoda ba ta aiki sosai a rage. Ka lissafa da kanka: huɗu, biyu, biyu. Ba su ci kowa ba. Wanda mata ke sha sau ɗaya kuwa 150 ne. Magani ɗaya ne, amma aikin ba ɗaya ba ne.

Majo na Wadata: Bari in ba Gwaggo haƙƙinta, ba ta yi ƙarya ba, ƙwayar ɗaya ce. Candida wani nau'in yis ne, dangin hunhuna, kuma yanzu haka da muke magana tana zaune a bakin da yawa daga cikinmu, da hanji, da fata, ba ta damun kowa. Ita ce ke sa farin nan a harshen jariri kamar guntun nono da ba ya goguwa, ita ce ke sa mata ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri. A waɗannan wuraren tana waje ne, a bakin ƙofa. Akuya a tsakar gida ba laifi, amma in ta shiga rumbu magana ta canza. Jini yana zaga ko'ina, in ta shiga sai ya kai ta ido, ƙoda, hanta, har cikin zuciya.

Baba kuma duk ƙofofin sun buɗe mata lokaci guda. Hanji ya huje, can take zaune dama. An daɗe ana ba shi antibiyotik masu ƙarfi, sun kashe ƙwayoyin da ke tare mata hanya, ita kuwa antibiyotik ba ya taɓa ta. Ga sukari. Ɗiyata, in tambaye ki, akwai roba a wuyansa ko a ƙasan kafaɗa wadda ake sa ruwa ta ciki?

Ɗiyar Ader: Akwai, Majo. A gehen wuya ta dama, tun ranar aiki. Likita ya ce za a cire ta, amma Baffa ya hana, ya ce da ƙyar anka samu anka sa ta, kuma hannayen Baba duk sun kumbura da huji.

Majo na Wadata: To wannan ita ce maganar da ta fi kwalba huɗu muhimmanci. Ki je ki lallashi Baffa yau, ba gobe ba. Ƙwayar nan tana manne wa roba ta yi shimfiɗa kamar gansakuka a cikin randa. Ko kin zuba ruwa mai kyau, in ba a wanke randar ba, kin san sauran. Magani yana kashe na cikin jini, roba tana sako sababbi. Na ga mai jinya da aka yi kwana biyar ana zuba masa magani zazzaɓi na nan, aka cire roba, kwana biyu jiki ya yi sanyi.

Malamin Lakwal: Majo, tambayar jahili. Yis ɗin nan shi ne na masu burodi? Don in haka ne a daina kai wa tsoho burodi da fanke.

Majo na Wadata: Malam, ƴan uwa ne na nesa. Na burodi sunansa Saccharomyces, kuma wutar tanda ta gama da shi kafin ya iso bakinka. In za a hana Baba fanke, saboda sukari ne.

Mai Farmasi: Amma akwai inda zan tsaya wa Alhaji kaɗan. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da aka ɗaura a jijiya ya fi wanda aka haɗiya ƙarfi. Ga fluconazole ba haka ba ne. In ka sha ƙwayar, fiye da kashi 90 cikin 100 yana shiga jini. Kusan babu bambanci, kuma na sha ya fi araha nesa ba kusa ba. Ni ina ganin iyalai suna sayar da dabba don kwalabe alhali mara lafiyar yana cin tuwo. In Baba yana shan kunu, me zai hana a tambayi likita a koma ƙwaya?

Dokta: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Ban ga mara lafiyar ba, don haka maganar likitansa ita ce gaba da tawa. Mai Farmasi, lissafinka daidai ne ga mutum mai lafiyayyen hanji. Wannan an yanka hanjinsa kwana 19 da suka wuce, yana zazzaɓi, wataƙila yana amai ko cikin bai gama tashi ba. Ba ka da tabbacin abin da ya haɗiya ya isa jini. A cutar da ke kashe wajen mutum ɗaya cikin huɗu da ta kama a asibiti, ba a caca da wannan. Shi ya sa ake farawa ta jijiya. In jiki ya daidaita, yana ci ba ya amai, jinin da aka sake shukawa a labo don a ga ko ƙwayar za ta tsiro ya fito babu komai, kuma labo ta tabbatar irin ƙwayar tana jin fluconazole, sai a koma na sha. Yawanci bayan kwana 5 zuwa 7 ake duba wannan. Saboda haka ba lallai ne sati biyun duka a yi shi da kwalba ba.

Mai Farmasi: Na karɓa, Dokta. Dama abin da nake so ke nan, a san akwai ranar sauka.

Ɗiyar Ader: Na gode Dokta. To shi caspofungine ɗin fa? Mun zaga farmasi shida babu. Wani ya ce sai an aiko daga waje, kuma kuɗin da ya faɗa na kwana kaɗan ya kai na bijimi. Tun jiya ban yi barci ba, ina ganin kamar muna ba Baba na talakawa ne, na kirkin mun kasa.

Dokta: Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Magungunan wannan ciwo da ake bayarwa ta jijiya gida uku ne. Akwai gidan su fluconazole, suna hana ƙwayar ƙera wani maiƙo da take gina fatarta da shi. Akwai gidan su caspofungine, da micafungine da anidulafungine, su bangon ƙwayar suke rushewa, bangon da jikin ɗan Adam ba shi da irinsa, shi ya sa ba su cika wahalar da mutum ba. Ba su daɗe ba, caspofungine a 2001 ya fito, kuma babu na sha, hanji ba ya ɗaukarsu, sai ta jijiya sau ɗaya a rana. Sai tsohon soja, amphotéricine B.

Gaskiya ne a ƙa'idar yau su caspofungine ake so a fara da su, saboda suna kama kusan kowane irin Candida tun kafin a san wace ce. Amma ƙa'idar ta yarda da fluconazole ga wanda jikinsa bai rikice sosai ba kuma bai sha irinsa kwanan nan ba. Abin da ya fi kashe mutane shi ne jinkiri, a zauna jiran maganin da ke cikin jirgi. Likitanku ya fara da abin da ke hannu ranar da sakamako ya fito, ni ma haka zan yi. Abin da za ki matsa a kai shi ne labo ta faɗi sunan ƙwayar cikakke, don Candida iri-iri ce. In albicans ce, yawanci fluconazole ya ishe ta. In krusei ce, ba ta jin sa ko kaɗan, haka aka halicce ta. Glabrata kuma tana da taurin kai. Nan ne za a yi maganar canji, kafin nan kada ku sayar da bijimi.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni sanyin nan ya fi shekara yana dawo mini. Wani mai kemis a unguwarmu ya yi mini allurai na jijiya kwana biyar, ceftriaxone, na ji dama kaɗan sai ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. To tunda akwai na ƙarin ruwa mai ƙarfi haka, ba sai in je a ɗaura mini in huta ba?

Majo na Wadata: Maman Biyu, don girman Allah kada ki je. Allurar da aka yi miki ita ta ƙara miki, don antibiyotik ce, ta share ƙwayoyin da ke gadin wurin ta bar wa yis fili. Kuma kalmar "sanyi" ɗin nan ta zama buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama: yis, ciwon mara, ciwon fitsari, cutar da ake ɗauka wajen saduwa, har farin ruwan da lafiya ne. Kowanne da maganinsa. Ki je a ɗebi ruwan a duba, a auna miki sukari kuma.

Dokta: Ƙari a kan na Majo: kusan mata uku cikin huɗu sai sun yi wannan ƙaiƙayin ko sau ɗaya a rayuwa, kuma ga mace mai lafiya ba ya bi ya shiga jini. Na matsawa ko ƙwaya ya isa, mai yawan dawowa kuma akwai tsarin da ake bi na watanni. In akwai ciki ko ana zaton akwai, kada a sha fluconazole, na matsawa ake ba masu ciki.

Maman Biyu: To Dokta. Kunya ce ke hana mu zuwa, mai kemis ba ya tambaya da yawa.

Hajiya ta Bukoki: Shi ya sa kuɗinki ke ƙarewa wajensa, ɗiyata. Je ki wajen ungozoma, mace ce irinki.

Baƙuwa: Ban saba magana a nan ba, amma da Dokta ta ambaci amphotéricine sai jikina ya yi sanyi. An ɗaura wa Yayana shi shekarun baya. Shi ba a jini ba ne, a kai ne. Ciwon kai na sati uku, haske ba ya so, daga baya ya fara sambatu. Mun ɗauka sanƙarau ne irin na lokacin zafi, wasu suka ce iska. Da aka ɗebi ruwan bayansa aka ce wani yis ne, kuma a nan muka san yana da sida, wato ƙanjamau. Ba zan manta ruwan ba, rawaya ne kamar an jiƙa kurkum. Kafin a ɗaura sai an fara sa masa lita guda ta ruwan gishiri. Shi kansa maganin awa huɗu yake yi yana ɗiga. Ba a jima da farawa ba sai rawar ɗari, gadon ƙarfe har ƙara yake, haƙora na haɗuwa, a watan Afrilu fa, muna lulluɓa masa bargo biyu. Innarmu ta ce a cire, kashe shi za a yi. Majon da ke wurin ya zauna ya yi mata bayani har ta haƙura. Kullum ana ɗibar jini a duba ƙoda. Yau yana nan da ransa, yana shan maganinsa, yana tuƙa mota.

Hajiya ta Bukoki: Allahu akbar. Allah ya saka miki da kika faɗa, ba kowa ke iyawa ba.

Dokta: Na gode ƴar uwa. Wannan Cryptococcus ne, wani yis da ake samu a ƙasa da kashin tattabaru, ana shaƙarsa, yana kama wanda garkuwar jikinsa ta faɗi ƙwarai. Shi caspofungine duk tsadarsa ba ya yi masa komai, kun ga tsada ba ita ce magani ba. Amphotéricine tun wajen 1955 aka samo shi daga wata ƙwaya a ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela, har yau ba a ajiye shi ba don kusan babu yis ɗin da ke tsere masa. Illarsa ita ce ƙoda, da zubar da potasiyom, da rage jini, shi ya sa ruwan gishirin nan da yawan gwajin. Akwai sabon samfuri da aka naɗe maganin cikin ɗigon maiƙo, ya fi sauƙi ga ƙoda. Bayan wani babban gwaji a Botsuwana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce ga wannan sanƙarau ɗaurawa ɗaya mai yawa ta sabon samfurin ta isa, a haɗa da flucytosine da fluconazole na sha kwana 14.

Mai Farmasi: Ga abokan aiki da ke karantawa: amphotéricine a ruwan sukari na kashi 5 ake haɗa shi, in ka zuba shi a ruwan gishiri guda-guda yake yi. Tsohon samfurin a firigo yake zama, da yadda wuta ke yi mana a bazara sai an sa ido. Kuma awon tsohon da na sabon ba ɗaya ba ne ko kusa, in aka ba mutum tsohon da awon sabon ana iya rasa shi. A karanta kwali sau biyu.

Ɗan Katako: To na ji, na janye rabi. Amma sati biyu fa? In zazzaɓi ya sauka ranar Juma'a, zaman me ake? Kwana a asibiti kuɗi ne, masu jinya sun bar gona da shago.

Dokta: Alhaji, zan ƙara ɓata maka rai. Kwana 14 ɗin ba daga ranar da aka fara magani ake ƙirgawa ba. Daga ranar farko da aka ɗebi jini aka shuka bai tsiro da komai ba. Shi ya sa ake maimaita gwajin kullum ko bayan kwana biyu har ya fito fes. Zazzaɓi na iya sauka ƙwayar tana laɓe a wani lungu. Wanda ya yanke magani da wuri yakan dawo bayan makonni da ido ɗaya ya dushe, ko ciwon ƙashin baya, ko ta zauna a zuciya, kuma wannan jinyar ta watanni ce. Amma ba dole duk kwanakin a gadon asibiti ba, in an koma ƙwaya likita na iya sallama a ƙarasa a gida. Ɗiyar Ader, ki tambaya a duba cikin idon Baba a makon nan, irin dubawar da ake ɗiga magani ido ya buɗe. Ko bai yi kukan ido ba, ballantana ga sukari.

Malamin Lakwal: Na taɓa ji a rediyo ana maganar wata Candida da ba ta jin magani, har ana rufe ɗakunan asibiti saboda ita. Ba ita ba ce?

Dokta: Candida auris kake nufi. A Japan aka fara gano ta a 2009, a kunnen wata mara lafiya, kuma Afirka ta Kudu ta sha fama da ita. Tana daɗewa a kan gado da kayan aiki, yawancinta ba ta jin fluconazole. Tana cikin huɗun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba a jerin hunhuna masu haɗari da ta fitar a 2022, tare da albicans da Cryptococcus ɗin da muka ambata. Kada mu tsorata yarinya tun sakamako bai fito ba.

Kawu na Harobanda: Ni ban san boko ba. An kawo rubutu daga Tawa, a ba shi ko kada a ba shi?

Majo na Wadata: Kawu, addu'a ba ta karo da magani, a yi ta yi. Abin sha dai a tambayi likita tunda hanji ne aka ɗinka. Roƙona ɗaya: kada a shafa komai a inda roba ta shiga jiki, ko tofi ko rubutu ko man zaitun. Ƴan dubiya kuma su wanke hannu da sabulu, su rage cika ɗaki. Na sha ganin mutum goma a kan gado ɗaya, kowa sai ya taɓa filastar ya ce sannu.

Ɗiyar Ader: Jama'a ga labari, ku yi haƙuri kwana shida shiru. Daren ranan na karanta ma Baffa maganar randa da gansakuka, ya yi dariya ya ce a cire. Da sahe anka cire anka maida a hannu. Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya sauka. Labo ta ce albicans ce kuma tana jin maganin, ba mu nemi mai tsadar ba. Jinin ranar Talata ya hito babu komi, likita ya rubuta kwanan watan a bangon takarda ya ce daga nan za mu ƙirga. Jiya anka cire ruwa anka koma ƙwaya. Yanzu rigimar ita ce Baba ya ce shi Tawa za shi, an fara yankan hatsi kuma ba ya yarda da awon kowa.

Mai Farmasi: Alhamdu lillahi. Abu ɗaya kafin ku tafi: in za a mai da shi kan ƙwayar sukari irin glibenclamide, ki tuna wa likita yana shan fluconazole. In suka haɗu sukari na iya faɗuwa ƙasa sosai. Kin ga gumi, rawar hannu ko ruɗewa, a auna nan take. Kuma ku sayi na kwanakin duka tun a nan.

Ɗan Katako: Na janye sauran rabin. Ki gaida Baba, ki ce ɗan Katako ya ce hatsi ba ya gudu.

Ɗiyar Ader: Zai ji, Yaya. Saura ido, an ba mu Alhamis da ƙarhe takwas. An ce bayan an ɗiga maganin ba ya gani sosai na ƴan awoyi, ga rana. Akwai wanda ke da mota wajen Lazare da zai iya maido mu masauki?

Kawu na Harobanda: Yarona zai zo ya ɗauke ku. Ki sa a nemo wa tsoho baƙin tabarau.